Iska ta ɗauke min sola har da kwanon rufi, ya zan kafa wata da ba za ta tashi ba?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Ina da shagon cajin waya da ɗan firij na ruwan sanyi a wani ƙauye arewa da Gumel ta hanyar Maigatari, wajen da ko turken wuta ba a taɓa kafawa ba, da sola muke komai. Shekaranjiya bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi jawur, kafin ruwa ya sauka sai iska ta zo, wlh ina cikin shagon naji ƙara kamar an fasa bindiga, ɗaga kan da zanyi sai ga sama a buɗe. Fanel huɗu ne masu watt 300 na ɗora a kan kwano na ɗaure da waya da ƙusa, ta tafi da su har da fallen kwano uku. Biyu mun tsinto a gonar maƙwabcina gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo, biyu Allah ya tsare sun faɗa kan danga. Yanzu zan ƙaro biyu amma bana son maimaita wannan, ina so in haɗa abin ɗorawa da kaina, kuma mai walda sai an je cikin Gumel, nan babu.

Ɗan Hajiya: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar kenan

Malam Na Ƙauye: Allah ya kiyaye gaba Baban Amira. Babu dai wanda ya ji ciwo ko?

Baban Amira: Alhamdulillah babu, yaron shagona ne kawai ƙusa ta ɗan karce a hannu.

Oga Mai Walda: Sannu Alhaji. Ni maganar da zan fara faɗa maka ita ce kar ka sake mayar da su kan kwano, ko wa ya ce maka. Kwanon shago ƙusa ce ke riƙe da shi a jikin katako ɗan siriri, shi kanshi da ƙyar yake tsira a farkon damina, sai ka zo ka ƙara mishi fiffike. Na gyara irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kusan kullum fanel ɗin ba shi ke kwancewa ba, kwanon da aka ɗaure shi a kai ne ke tashi. Ka sauko da su ƙasa, a yi musu ƙafafu na ƙarfe a binne da kankare.

Ɗan Hajiya: A ƙasa kuma Oga? ɓarayi fa? mu nan unguwarmu wanda ke kan bene ma hawa ake a kwance balle na ƙasa

Oga Mai Walda: Zan zo kan maganar ɓarayi, bari a gama da iska tukun don ita ce ta yi ɓarnar.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Oga ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara da lissafi don a ga dalili. Mutane in za su kafa sola nauyinta suke tunani, wai ko abin zai ɗauka, alhali fanel mai watt 300 nauyinsa bai fi kilo 20 da 'yan kai ba, yaro ma ya ɗauka. Abin tsoro shi ne faɗinsa, kusan murabba'in mita 2 ne kowanne. A ce iska ta kai gudun kilomita 100 a awa, ƙarfin da take danna abu mai faɗi da shi ya kusa kilo 50 a kan kowane murabba'in mita, kaga fanel ɗaya wajen kilo 90 zuwa 100 kenan, huɗu sun doshi 400. Lissafin sama-sama ne amma ya isa a gane. Kuma ƙarfin iska ba ɗaya bayan ɗaya yake ƙaruwa ba, in gudunta ya ninka biyu ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Sannan in ta shiga ta ƙarƙashi ba dannawa take ba, ɗagawa take sama, ita kuwa ƙusa an yi ta ne ta riƙe abu kar ya zame, in aka ja ta ta inda ta shiga fitowa take. Don haka duk abin da za ka haɗa ka tambayi kanka, in mutum goma suka kama suka ɗaga sama zai tumɓuke ko ba zai tumɓuke ba.

Baban Amira: Ikon Allah, Injiniya wlh haka ƙusoshin suka fito a miƙe, ko lanƙwasa basu yi ba, na tsinci wasu a ƙasa fes.

Malam Na Ƙauye: Ni kuma da izininku ina da ja a kan cewa dole sai ƙarfe. Ba kowa ke da kuɗin angul ba yanzu, kuma ɗaukowa daga gari ma aiki ne. Tamu ta masallaci da itace muka yi, ƙirya muka samu muka kafa guda huɗu, muka gicciya azara a sama, mun shafe gindin da baƙin mai kafin mu binne, yau damina uku kenan tana nan. Kakanninmu da azara suka yi rufin soro ya shekara aru-aru gara bata ci ba.

Oga Mai Walda: Malam Allah ya ƙara lafiya, ƙirya da azarar giginya ban musa ba, itace ne masu ƙarfi kuma gara bata cika son su ba. Amma tsakani da Allah yanzu ina ƙiryar? masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun gama da ita. Abin da mutum zai samu a kasuwa farin katako ne, shi kuwa wata shida a ƙasa gara ta mayar da shi gari, daga waje kana ganinsa lafiya cikinsa babu komai. Kuma itace in ya sha rana ya sha ruwa yana tsagewa daidai inda aka huda, sai noti ya saki.

Malam Na Ƙauye: Wannan haka ne, mu ma duk shekara sai mun bi mun ɗaɗɗaure. Amma dai wanda ba shi da hali kar ya ji kamar babu mafita.

Injiniya: Malam gaskiyarka. Wanda zai yi da itace sharaɗi biyu ne, ya huda ya zura dogon ƙarfe mai noti ya ratsa itacen ya fito ta baya da washa mai faɗi, kar ya buga ƙusa, sannan ya binne da zurfi. Amma tunda Baban Amira sana'a yake da ita kuma ya riga ya yi asarar biyu, kuɗin ƙarfen bai kai na fanel ɗin da ya fashe ba.

Baban Amira: Na yarda da ƙarfen. Toh Oga yaya zan yi da maganar walda, janareto da inji ba za su zo nan ba sai an biya kuɗi mai yawa, hanyar ma yashi ne sai babur ko amalanke.

Oga Mai Walda: Ba sai inji ya zo ba. Ka auna fanel ɗinka tsawo da faɗi, ka juya bayansa zaka ga ramuka a jikin firam ɗin alminiyon, kamfani ne ya huda su don ɗaurewa, ka auna tsakaninsu ka rubuta, ko mafi sauƙi ka ɗauki ɗaya daga cikin fasassun nan ka kai wa mai walda ya auna da kanshi, kaga sun yi amfani. Ka ce angul mai inci biyu kake so mai kauri, kar ya baka ɗan shafal ɗin da ake ƙofar kaji da shi, ka sa hannu ka taɓa kaurin da kanka. Ƙafafu in ka samu fayif galbanaiz mai inci biyu ya fi, in babu angul ɗin ma ya yi. Ya yanka komai ya huhhuda a can, a haɗa shi gaba ɗaya a gabanka a ƙofar shagonsa ka gani ya zauna daidai, a sa lamba da fenti a kowane guntu, sannan a kwance a ɗaure a ɗora a amalanke. In ka zo gida sifana biyu kawai kake buƙata. Waldar da za a yi a can ita ce ta gindin ƙafafu, kowace ƙafa a liƙa mata guntun rodi ko angul a gicciye a can ƙasa, shi ne zai riƙe cikin kankare, in ba haka ba fayif santsi gare shi iska na jijjiga shi yau da gobe sai ya zare kamar haƙori. Fanel huɗu a jere wajen mita huɗu ne, kayi ƙafa shida kar kayi huɗu, tsakiya zata lotsa. Kuma dole a sa gicciye tsakanin ƙafafu kamar alamar sau, musamman daga gabas zuwa yamma tunda ta can hadarinmu yake zuwa. A shafa jan fentin nan na maganin tsatsa sau biyu kafin a kawo, a bar shi ya bushe sosai.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, mu nan fano muke ce mishi. Ina aikin famfon sola na rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan wajen Tanut, can iska da rairayi sun fi naku nesa ba kusa ba. Abin da zan ƙara ma Oga, ƙasar Maigatari irin tamu ce, jigawa ce, ramin da za a yi a ƙasa mai laka ba shi za a yi nan ba. Mu muna gina santimita 80 zuwa mita guda, faɗi 40 da 40, kuma gindin ramin ya fi bakinsa faɗi kamar tulu, in kankaren ya daskare ba ya fitowa sai da ƙasar duka. Wanda ya yi ɗan rami iya gwiwa a rairayi, ruwan farko in ya jiƙa ƙasa sai kaga abin ya karkata.

Injiniya: Madalla da Ɗan Damagaram. Rami mai 40 da 40 zurfin 80 in an cika shi kankare nauyinsa wajen kilo 300 ne, shida kaga sun kusa tan biyu, ga ƙasar da ke danne da su. Wannan shi ne amsar kilo 400 ɗin da na lissafa ɗazu. Haɗin kuma ɗaya biyu huɗu, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kusan buhu guda kowane rami zai ci. Yashin ya zama mai kaifi ba turɓaya ba. A riƙa zuba mishi ruwa safe da yamma kwana bakwai, kar a ɗora fanel kafin nan.

Baban Amira: Buhu shida fa kenan Injiniya, ga tsakuwa nan wajenmu sai an sayo. Ba za a iya rage wa ba?

Ɗan Damagaram: Ka samu fasassun bulo na siminti ko duwatsu ka jejjefa ciki yana rage ci, amma zurfin kar ka rage. In ka rasa ka rage faɗi zuwa 30, ka bar zurfi yadda yake.

Maman Sadiq: Sallama gare ku. Ni ba injiniya bace amma ni ke wanke ta gidanmu kuma ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye da firij ɗin allurar rigakafi ke kan sola, don haka ina roƙon a saka maganar wanki cikin lissafin tun yanzu. Ta asibitinmu waɗanda suka kafa sun ɗaga ta sama ƙwarai a kan dogon ƙarfe guda ɗaya wai saboda yara, toh lokacin hunturu kwana uku ƙura ta rufe ta kamar an barbaɗa gari, babu tsani, babu mai hawa, sai da muka ga batir baya cika muka gane, ranar da aka samu wani yaro ya hau ya goge kafin azahar cajin ya dawo. Kuma duk iska in ta taso kana ganinta tana rawa a sama gabanka na faɗuwa. Baban Amira ka yi ta daidai inda mai tsumma a kan sanda zai kai ƙarshenta yana tsaye a ƙasa. A wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, ruwa zalla, banda omo banda soson ƙarfe, kuma in ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne a bi da busasshen tsumma don yana barin fari.

Oga Mai Walda: Hajiya kin kawo magana mai kyau. Ƙafa ɗaya doguwa ita ce mafi wahala a iska, duk ƙarfin a gindi ɗaya yake taruwa. Ni ina sa gefen ƙasa ya zama wajen mita ɗaya daga ƙasa, ya wuce tsallen ruwa da taɓo, iska kuma tana wucewa ta ƙarƙashi tana sanyaya shi.

Injiniya: Sanyayawar nan ma riba ce da ba a lura da ita. Watt ɗin da aka rubuta a bayan fanel a zafin digiri 25 aka auna shi, duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu fanel da ke kwance a kan kwano yana iya haura digiri 65, kaga wajen kashi 15 cikin ɗari ya tafi a banza. Mutane suna zaton zafi ne ke ba da wuta, haske ne.

Ɗan Hajiya: Toh ina zata kalla? wani mai haɗawa ya ce min gabas ake juya ta saboda rana daga can take fitowa

Injiniya: A'a, kudu zata kalla, gefen arewa ya fi tsawo. Mu muna arewa da tsakiyar duniya, wajen Maigatari digiri 13 ne ba kaɗan, Kano 12, Damagaram kusan 14, Agadas 17, kuma karkatar da ake so kusan daidai da wannan lambar take. Ku sa 15 kawai. Ba sai da na'ura ba, duk tsawon taku huɗu a ɗaga taku ɗaya, wato in tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita ɗaya da santimita 20 ne, ta baya ta fi ta gaba da santimita 30. Wanda ya kalli gabas zai samu wuta da safe ya rasa ta yamma.

Malam Na Ƙauye: Injiniya ai ni na lura da damina inuwa kudu take faɗuwa da tsakar rana, ma'ana ranar tana arewa, ba a shimfiɗe ya kamata a bar ta ba kenan ta samu duka biyun?

Injiniya: Malam lurarka daidai ce, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan wuce mu ta yi arewa, shi ya sa ba ma karkatawa da yawa kamar yadda ake gani a hotunan Turai, su can nesa suke. Amma a shimfiɗe ruwa baya gangarewa, sai ya kwanta da ƙura ya bushe ya zama laka a gefen gilashi, kashin tsuntsu ma ya zauna. Digiri 10 zuwa 15 shi ke sa ruwan sama ya wanke maka ita. Kuma mai tsayuwa sosai ta fi tare iska, don haka ƙaramar karkata ta fi mana ta ko'ina.

Baban Amira: Kudun zan gane ta da alƙibla ko? in na fuskanci alƙibla hannun damana kudu ne

Injiniya: Kusan haka amma ba cif ba, alƙiblarmu ba gabas sak bace, ta karkata arewa da wajen digiri 20, don haka damanka zai nuna kudu mai ɗan gabas. Ka kafa sanda a miƙe ka bi inuwarta, lokacin da ta fi gajarta wato zawali, layin inuwar shi ne kudu da arewa. Ko kamfas ɗin waya. In ka ɗan kauce kaɗan a wannan karkatar asarar ba wani yawa gare ta ba, kar ya hana ka barci.

Ɗan Damagaram: Inuwa ita ce ta fi alƙibla muhimmanci. Ka duba ko akwai gawo kusa, yanzu da damina ba shi da ganye sai ka ce ai babu inuwa, rani na yi ya cika da ganye ya rufe maka fano. Mun taɓa kwance aiki gaba ɗaya saboda haka. Inuwar reshe guda a kan kusurwa tana iya jawo wutar layin duka ƙasa. Katanga ma haka, da sanyi rana tana yin kudu inuwa ta yi tsawo, ka bar tazarar tsayin katangar sau biyu.

Baban Amira: Subhanallah, akwai gawo kuwa ta kudu da shagon, wajen da na yi niyya kenan. Sai dai in koma ta yamma, cikin gidan yayana ne, taku goma sha biyu zuwa inda batir suke.

Injiniya: Ya yi, amma kar ka yi rowar waya. Layin volt 24 ne ko? tazarar nan ka sa mai kauri, 10mm in da hali, kar ta gaza 6mm, ta jan ƙarfe ta gaske, ka zura cikin fayif ɗin roba ka binne saboda ɓera da awaki. Sabbin biyun da zaka sayo kuma ka duba takardar bayansu lambobin su yi daidai da tsofaffin. Sannan ka buga sandar jan ƙarfe a ƙasa inda ke da danshi ka haɗa firam ɗin da ita da waya, ba zata tare tsawa in ta faɗo kai tsaye ba amma tana rage ɓarna a kan kwantirola da inbata.

Ɗan Hajiya: Oga har yanzu ina jiran maganar ɓarayi

Oga Mai Walda: Ban manta ba. Na farko ya riga ya samu, cikin gida ne mutane na kwana kusa, ya fi kan shagon da babu kowa da dare. Na biyu kowane ƙarfe noti biyu za a sa a ɗaure su da juna, wannan saboda jijjigar iska ne ma, sai a ɗauki guduma a daddake zaren da ya fito ta yadda sifana ba zata kwance ba sai an yanka, ɓarawo kuwa baya son ƙara. In da inji ne ɗan ɗigon walda ake yi a kan notin, amma sai an cire wayoyi an rufe gilashi da jiƙaƙƙen buhu. Wasu suna sa angul ya rufe gefen fanel duka kamar firam ɗin hoto, yana da kyau amma kar leɓen ya hau kan gilashi ya yi inuwa ko ya tare ruwa, a bar kusurwar ƙasa a buɗe. Kuma tsakanin alminiyon da ƙarfe a sa guntun tayar babur ko tiyub, in suna haɗe ruwa na shiga suna cin juna.

Maman Sadiq: A zagaye da waya ko ƙaya kuma, awaki hawa suke, tamu ta gida akuya ta taɓa tsayawa a kai da ƙafa huɗu tana cin ganyen zogale.

Baban Amira: Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, gobe in sha Allahu zan ɗora fasasshen ɗaya a babur in shiga Gumel.

Baban Amira: Salam, na dawo da labari. Yau kwana goma sha tara. Mun gina ramuka shida iya ƙugu, buhu biyar suka ci da fasassun bulo, na jira kwana bakwai ɗin kafin na ɗora. Daren jiya an yi iska wadda ta kwashe rumfar mai shayi ta karya reshen gawon nan, na fito da tocila na tsaya ina kallo, ko motsi. Da safe na bi da sifana na samu noti ɗaya a gicciyen gabas ya ɗan saki, shi ne wanda na manta ban sa mishi na biyu ba. Abin da ya rage ruwa ya zaizaye ƙasa a gindin ƙafafun kudu inda yake zubowa daga kan gilashin, har bakin kankaren ya fito.

Ɗan Damagaram: Masha Allah. Ka zuba tsakuwa ko fasassun bulo a layin da ruwan ke zuba, faɗin taku biyu, ka yi mishi 'yar hanya ya bi ya fita nesa da ƙafafun. Ka yi shi yau kar ka jira ruwa na gaba.

Oga Mai Walda: Ka turo hoton gicciyen in gani, da na wajen da tayar take.